Sayen jirgin ruwa na hannu: yadda ake gane lahanin jikinsa kafin a biya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a yankin Yawuri. An yi mini tallar wani jirgin katako na hannu, tsawonsa zai kai mita 15, da injin Yamaha 40 a jikinsa. Niyyata in riƙa ɗaukar 'yan kasuwa da buhunansu ranakun kasuwa. Fentinsa sabo ne, akwai facin kwano biyu a ƙasan gefen dama, na kuma tarar da ruwa kwance a ciki. Mai jirgin ya ce babu jirgin da ba ya yoyo, kuma ba za a fito da shi tudu ba sai na biya. Akwai wani na fiba, wato na roba mai tauri da ake haɗawa da zaren gilashi, da aka kawo daga Legas, shi ma ana sayarwa. Ta yaya zan gane ko jikin jirgi lafiyayye ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a neman halal ɗin nan.

Mai jirgin bai yi ƙarya ba da ya ce jirgin katako ba ya rabuwa da yoyo. Ko wanda muka gama ƙerawa jiya, in aka tura shi ruwa sai ya yi ɗan tsattsafo kafin katakan su sha ruwa su kumbura su matse juna. Don haka ruwan da ka tarar bai tayar mini da hankali ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sharaɗin sai ka biya kafin a fito da jirgin tudu. Wannan cinikin biri a sama ne. Ɓangaren da rayukan mutane suka rataya a kai shi ne wanda ke cikin ruwa, kuma shi ne aka ce ba za ka gani ba. Ka ce masa kai za ka biya majiya ƙarfin da za su ja jirgin su mayar da shi, ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba. In ya yarda, a ci gaba da magana. In duk da haka ya ƙi, ka yi masa sallama cikin mutunci, jirage ba su ƙare a bakin kogi ba.

Lahanin jirgi iri biyu ne, kuma duk dubawar da za ka yi ta raba su ce. Yoyo tsakanin katako biyu, tsagewar da ta bi tsawon katako, fentin da ya ɓare, bakin da ya goge, duk wannan aikin kwana biyu ne da auduga da kwalta da 'yan ƙusoshi. Ɗaya irin kuwa shi ne na abin da ke ɗauke da jirgin. Jiragenmu na nan shimfiɗaɗɗen ƙasa gare su, ba su da dogon ƙashin baya guda irin na jiragen teku. Abu uku ne ke hana tsawon mita 15 ɗin nan karyewa: katakan ƙasa masu kauri, haƙarƙarin da aka kafa su a jiki, da katakon baki da ya zagaye sama. Ƙusa ce ta haɗa su duka. Ranar da katako ya daina riƙe ƙusa jirgi ya ƙare, ko da kuwa yana tsaye a gaɓa ba ya ɗigar da cikin cokali. Haka zai yi ta kai da kawowa lafiya lau, har ranar da lodi ya cika, iska ta taso, ya buɗe gaba ɗaya.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labari ba. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya rabe a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150 a ciki, kaɗan ne suka fita da rai. Jami'an NIWA, hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, sun ce jirgin tsoho ne kuma lodi ya fi ƙarfinsa. A watan Yunin 2023 kuma wani ya ɗauko 'yan biki da dare a yankin Pategi ta jihar Kwara, ya daki itace a cikin ruwa ya tsage, aka rasa fiye da mutum 100. Allah ya jiƙansu. Waɗanda za su shiga jirginka matan kasuwa ne da goyo a baya, da tsofaffi, yawancinsu ba su iya iyo ba. Da su a ranka za ka yi dubawar.

Zuwan farko ka yi shi da asuba, ba tare da ka sanar ba, kafin yaron jirgi ya zo ya kwarfe ruwan dare. Abin da ka tarar shi ne ainihin abin da jirgin ke sha a kwana ɗaya yana tsaye babu lodi. In rani ne babu wanda zai ce maka ruwan sama ne. Ka duba bangon ciki, za ka ga layin laka ko na gansakuka, shi ne ke nuna inda ruwa ya saba kaiwa, kuma sabon fenti da wuya ya ɓoye shi sarai. Ka duba wajen da ake tsayawa ana kwarfa. In yankakkiyar jarka ta cinye katakon wurin har ya yi rami, jirgin ya daɗe yana wahalar da mutane. Sannan ka sayi shayi ka zauna da yaron jirgin da sauran matuƙan mashigin. Kowa a bakin ruwa ya san jirgin da ya taɓa nutsewa aka tsamo shi, da wanda ya daki kututture, da wanda ya shekara a tudu gara tana ci. Ka tambayi abin da yake ɗauka a da. Jirgin yashi ya sha nauyin da ya fi ƙarfinsa, shebur kuma ya kankare ƙasansa. Wanda ya saba ɗaukar buhunan taki ko gishiri, ƙusoshinsa sun fi saurin tsatsa.

Ranar da za a ja shi tudu, ka zo da kafintan jirgi naka, wanda ba shi da la'ada a cinikin, ba kuma shi ya yi facin ba. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar guduma, sukudireba mai tsini, tocila, doguwar igiya, alli. A kwashe komai daga ciki, katakan shimfiɗa da tabarmi da tamfol da jarkoki, a wanke lakar ƙasa har katako ya fito fili. A ja shi a kan gungume, kada a ja shi a kan dutse. Kuma ku gama a ranar ku mayar da shi ruwa, musamman da hunturu, domin jirgin da ya kwana biyu a iska yana bushewa haɗe-haɗensa su buɗe, kai ka jawo wa mai shi asara.

Kafin ka taɓa komai, ja da baya ka kalli siffarsa. Tsaya a gaban hancinsa ka runtse ido ɗaya, ka bi bakin dama da na hagu da kallo har baya. Ya kamata su tafi tare. In ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, jirgin ya murɗe. Koma gefe ka durƙusa ka dubi layin ƙasa, ko a ja igiya a miƙe daga gaba zuwa baya a gwada. Tsohon jirgi gaba da baya kan sunkuya tsakiya ta yi doro, saboda nauyin inji a baya da hanci a gaba suna ja ƙasa yayin da ruwa ke tura tsakiya sama. Ɗan kaɗan ba ya hana saye. Amma in lanƙwasar ba ta tafi a hankali ba, a wuri ɗaya ta karya kwana, to a wurin akwai karaya, ka sa alli. Ka sa mutum biyu su kama hanci su girgiza shi dama da hagu kai kana tsakiya. Lafiyayyen jirgi yana motsi gaba ɗaya. Wanda ya saki, gaba zai motsa baya ya biyo daga baya, kana jin ƙusoshi suna kuka.

Daga nan sai haɗin katakai, kuma a nan nake so ka daɗe. Babu katako guda mai mita 15 a kasuwa, dole a yi haɗi. Kafinta na ƙwarai yana warwatsa haɗin: na wannan katako a nan, na maƙwabcinsa can gaba da haƙarƙari biyu ko uku, kuma kowane haɗi da ƙarin katako mai kauri a bayansa ta ciki. Mai gaggawa ko mai tsimin katako sai ya jera su a layi ɗaya, ƙasa da gefe duk a kan haƙarƙari guda. Jirgin da aka yi wa haka an riga an zana masa inda zai rabe. Ka bi ka sa wa kowane haɗi alamar alli, sannan ka ja baya ka ga yadda alamomin suka jeru. A nan ne ma za ka kama jirgin da aka yanka aka ƙara masa tsawo: katakan tsakiya sun bambanta da na gaba da baya, haɗi kuma ya zagaye jirgin a wuri biyu. Akwai kuma waɗanda ake ƙara wa katako ɗaya ko biyu a saman baki don su ɗauki lodi. Ka leƙa ka ga ko haƙarƙarin ya hau har saman ƙarin, ko kuwa da 'yan guntaye aka liƙa shi. Ƙarin baki ba ya ƙara wa ƙasan jirgi ƙarfi ko kaɗan, sai dai ya ba mai lodi damar danna shi fiye da abin da aka ƙera shi a kai.

Yanzu guduma. Yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa su ji ko ta tsage, haka za ka bi jirgin taku taku, ciki da waje. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kaifi, guduma ta yi tsalle ta dawo. Ruɓaɓɓe yana haɗiye bugun, ka ji dum. Wanda ya rabu da haƙarƙarinsa kuma yana yin ƙara biyu, kwas-kwas, don yana bugun abin da ke bayansa. Ba da ƙarfi ake yi ba, kunne ne ke aiki. Duk inda sauti ya sauya ka kewaye da alli, ka dawo da sukudireba ka danna da ƙarfin hannu ɗaya. A katako mai rai ba zai wuce ɗan tabo ba. In ya shige, ko ka murɗa ya ɓantaro gari mai ruwan ƙasa mai warin danshi, an gama da wannan katakon. Ka nemi izinin mai jirgin kafin ka fara soki, kuma kada ka soki inda guduma ba ta tuhuma ba.

Mutane da yawa suna ɓata lokacinsu a tsakiyar ƙasan jirgi, suna ganin wurin da ya fi daɗewa a ruwa shi zai fi ruɓa. Ba haka abin yake ba. Ruɓa aikin fumfuna ce, ita kuwa tana bukatar danshi da iska a tare. Katakon da ya nutse dare da rana iska ba ta isa gare shi sosai, wanda ya bushe ƙayau kuma, danshinsa ƙasa da kashi 20 cikin 100, ba ta iya cinsa. Wurin zamanta shi ne inda ake jiƙewa a bushe, a sake jiƙewa: ɗamarar da ke daidai layin ruwa, gindin haƙarƙari inda ya haɗu da ƙasa laka ta taru, bakin benci inda ya shiga bango, cikin hanci inda ruwan sama ke kwana a ƙarƙashin tarin igiya, da kusurwoyin baya biyu. Ka kwanta da tocila ka leƙa ƙarƙashin benci. Sau da yawa saman haƙarƙari yana sheƙi da fenti, amma ka sa hannu ta bayansa sai yatsa ya nutse. Ka kuma kankare fenti a wurare uku ko huɗu da ba sa cikin ido ka ga irin itacen. Maɗaci ja ne, kawo da ƙirya suna da nauyi da tauri, duk suna jure ruwa. Ana cusa farin katako irin su afara a tsakani don sauƙin kuɗi, shi kuwa ba ya daɗewa a jiƙe, kuma a ƙarƙashin fenti duk ɗaya suke. Ko a maɗacin ma, farin gefen da ke kusa da ɓawo shi ke fara mutuwa.

Ƙusa ba a gane ta daga kai. Ka roƙi mai jirgin a zare guda biyar ko shida daga wurare dabam-dabam a ƙasan layin ruwa, kai za ka mayar da sababbi. Ka lura da yadda take fitowa. Mai lafiya sai kafinta ya yi da gaske, tana fita tana ƙara. Ka ɗora ta a tafin hannu ka goge. Kanta zai iya zama garau, tsininta ma haka, amma dubi tsakiyarta, daidai inda katakon jiki ya haɗu da haƙarƙari. A nan danshi ke kwana, a nan tsatsa ke cinye ta har ta koma kaurin allura, wani lokacin ma rabi ne zai fito rabi ya zauna a ciki. Sai ka leƙa ramin. In katakon da ke kewaye ya yi baƙi ya yi laushi, tsatsar ta ci shi shi ma, sabuwar ƙusa ba za ta kama a wurin ba. Ƙusa ɗaya a cikin shida ba komai. Uku a cikin shida na nufin duk jirgin haka yake, kuma sake ƙusar jirgi gaba ɗaya babban aiki ne da dole ya fito a cikin farashi, in ma haƙarƙarin na da sauran naman da zai riƙe. Alamarta ta waje ita ce jan hawaye da ke gangarowa daga kan ƙusa. Abin da sabon fenti ya fi rufewa ke nan, shi ya sa ban ɗauki sabon fenti a jirgin sayarwa a matsayin ado ba.

Allon baya, inda ake ɗaure inji, shi ne ya fi kowane wuri shan wahala. Yamaha 40 ɗin nan nauyinsa wajen kilo 70 ne, yana rataye a bayan katako guda, yana tura jirgi da lodinsa, yana kuma girgiza dare da rana. A ɗaga injin sama, ka kama ƙafarsa ta wajen farfela ka danna ƙasa ka ɗaga sama da ƙarfi, kafintanka yana kallon kusurwoyi ta ciki. In allon ya lanƙwashe, ko haɗinsa da bango ya buɗe ya rufe, ko maɗaurin injin ya nutse cikin katako an cusa masa guntun ƙarfe, allon ya tashi aiki. Sauya shi ba ya gagara. Abin dubawa shi ne bakin katakan jiki da za a kafa sabon a kansu, domin sau da yawa ruɓar ta riga ta bi su.

In jirgi ya tsallake duk wannan, a mayar da shi ruwa a bar shi ya kwana. Washegari a kwarfe shi tas, a jira awa ɗaya, a ƙirga bokiti nawa ya shiga. Sannan a yi masa lodi irin wanda za ka riƙa yi, da buhunan yashi ko hatsi, ba da mutane ba. A sake jiran awa ɗaya a ƙirga. Kada ka yi mamaki in ruwan ya ƙaru, domin haɗin sama da ya saba zama a bushe yanzu ya nutse, kuma irin wannan yoyon yana raguwa da kansa in katako ya sha. A tayar da inji a fita, kowa da rigar kariya, kusa da gaɓa tukuna. A buɗe wuta, a juya dama a juya hagu, a yanki igiyar ruwa a karkace. Kai kuwa kada ka zauna a benci. Sauka ƙasa ka ɗora tafin hannu a kan wuraren da ka sa wa alli. Yoyon da ke fitowa a hankali ba ya sauyawa, na auduga ne da kwalta. Wanda ke tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa daidai da bugun igiyar ruwa, haɗi ne ke buɗewa yana rufewa, kuma za ka ji katako biyu suna goga juna a ƙarƙashin hannunka. Wannan ba ya jin kwalta ko an zuba masa ganga guda.

Kada kuma wani ya raina maka ruwan cikin jirgi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. In shimfiɗar ƙasan jirginka ta kai murabba'in mita 20, ruwan da ya kai santimita 10 kacal, wato bai rufe idon sawu sosai ba, tan biyu ke nan, nauyin buhun masara 20 masu kilo 100. Buhu yana zaune inda aka ajiye shi, shi kuwa ruwa duk gefen da jirgi ya karkata can zai ruga ya ƙara danna shi.

Na fiba ɗin da aka kawo daga Legas, kada santsinsa ya sa ka sassauta. Fiba ba ta ruɓa, gaskiya ne, amma yawancin waɗannan jiragen akwai katako a binne a cikinsu, a allon baya da dogayen sandunan da ke ƙarƙashin daɓe, kuma shi yana ruɓa ba wanda ya gani. Gwajin ƙafar inji ɗin nan shi ne na farko. Bayan shi a kwance noti ɗaya na ƙasa daga allon baya. In ruwa mai launin shayi ya biyo, ko ka zura waya ta fito da jiƙaƙƙen garin katako, allon ya mutu a ciki. Ka taka daɓen ko'ina ba takalmi, inda ya lotsa akwai magana. A cire toshiyar baya a ɗaga hanci a ga yawan ruwan da zai fito daga ƙarƙashin daɓe, domin soson da ake cusawa a wurin don hana nutsewa yakan sha ruwa ya ƙi saki, jirgi ya yi nauyi ya zauna ƙasa fiye da 'yan'uwansa.

A jikin waje kuma tsagewa iri-iri ce. 'Yan siraran layukan da suka bazu a fatar sama saboda rana da tsufa ba su cika wuce fatar ba. Wadda ta fito daga tsakiya ɗaya ta watsu ko'ina, bugu ne, ka duba bayanta ta ciki, in zaren fiba ya yi fari ya tashi to ya karye. Layuka masu bin juna a jere a gefen sanda ko a kusurwar baya suna nuna wurin yana lanƙwasa kullum, abin da ke tallafe da shi ya saki. Ƙuraje a ƙasan jirgi, waɗanda in ka fasa ruwa mai warin tsami ke fita, ruwa ne ya shiga tsakanin fata da fiba. Ƙanana jefi-jefi ana gyarawa, manya masu yawa kuwa aiki ne mai tsada. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar sukudireba, inda shimfiɗun fiba suka rabu da juna sautin fanko yake yi. Ka shafa tafin hannu a jiki ka kalle shi a karkace da hasken safiya, tsohon gyara zai nuna kansa. Gyaran ƙwarai ana goge bakin ramin a faɗaɗa shi sosai, a shimfiɗa fiba hawa-hawa ciki da waje. Na algus kuwa filar da masu gyaran mota ke cike lotsawa da ita ake cusawa a shafe da fenti, ranar da jirgi ya daki wani abu ta faɗo gaba ɗaya. Ka kuma tuna jirgin fiba irin wannan na gudu ne da mutane kaɗan, ba na buhuna ba ne, kuma kafin ka saya ka tabbata akwai mai gyaran fiba da kayan aikinsa kusa da kai.

In ka zo ciniki, a yi shi gaban shaidu, da shugaban 'yan jirgin mashigin ko Sarkin ruwa. Ka tambayi mai jirgin a gabansu: ya taɓa nutsewa? Ya taɓa dukan wani abu? Wane gyara aka yi masa, wa ya yi? Musulmi ya san ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mutane da yawa da za su yi shiru in ba a tambaya ba, ba za su yi ƙarya a gaban jama'a ba. A rubuta abin da ya faɗa a takardar ciniki. A yi wa inji kuɗinsa dabam, jiki dabam, domin sau da yawa inji mai kyau ne ke sayar da mataccen jirgi. Kafintanka ya lissafa katako nawa za a sauya, haƙarƙari nawa, ƙusa kilo nawa, kwalta da ladan aiki, ka ƙara wani abu a kai don abin da za a tarar in an buɗe, sannan a cire daga farashi. In jimillar saye da gyara ta kusa kuɗin sabo, ka ba da aikin sabo kana tsaye ana zaɓen katako. Ka nemi takardar rajistar NIWA in akwai, in babu ka sa kuɗin yin ta a lissafinka.

Sai facin kwano biyun nan naka. Kwano a kan layin haɗin katako abu ne da aka saba, ana shafa kwalta a rufe da shi don auduga ta zauna. Amma faci biyu a gefe ɗaya, a ƙasa, kusa da juna, a jirgin da ke aiki a tafkin Kainji, ni kututture nake tuhuma. Tun da aka datse kogin Neja a 1968 itatuwan da ruwa ya haɗiye suna nan tsaye a ƙasa, in ruwa ya ja baya sai su matso kusa da sama. 'Yan'uwanmu da ke Yeji a tafkin Volta na Ghana su ma da wannan suke fama. Kututture kuwa ba ya tsayawa a katakon waje, yana tura shi ciki ya karya haƙarƙarin da ke baya. Don haka ka auna daidai inda facin yake, ka shiga ciki ka wanke wurin ka haska. Ka duba haƙarƙari biyu na gaba da biyu na baya. Sannan a ɗaga kwano ɗaya gaba ɗaya, kai za ka biya a mayar. In ka tarar da tsagewa mai bin tsawon katako, katakon da ƙarfinsa, haƙarƙari lafiya, a sauya wannan katako guda a rage maka kuɗinsa, ka saya. In tsagewar ta yanke katakon a gicciye, ko haƙarƙari ɗaya ya karye, har yanzu ana iya gyarawa, amma a sauya katakon tun daga haɗi zuwa haɗi, a kafa sabon haƙarƙari cikakke, ba guntu a gefen karyayye ba, kuma a yi aikin kafin fasinja ko ɗaya ya taka jirgin. In kuwa haƙarƙari biyu ko uku a jere suka karye, ko facin ya faɗa daidai inda haɗin katakan ƙasa ya jeru, ko ƙusoshin wurin suka fito da yatsa, ka bar masa jikin, ka taya injin kaɗai in zai sayar.